Sumar Wata Goma Sha Ɗaya

Shagonmu ɗaki biyu ne. Na gaba yana kallon titin bakin ruwa, da kujera mai jingina, da madubin da ya tsage a gefe, da bencin masu jiran layi. Nan Yayana yake yi wa mutane aski, su zauna su yi ta surutun tsadar gishiri da na jirgin hayaƙin da ya fara zuwa garin a shekarun nan. Ɗakin baya ba shi da taga, sai wata 'yar kafa can sama da haske ke faɗowa ta ciki. Shi ma da kujerarsa, amma tasa da igiya a hannuwa. Nan nake nawa aikin, kuma ba wanda ya taɓa shiga ɗakin da ƙafarsa don yana so.

A lokacin garin na Mutanen Sito ne, 'yan fasa-ƙwaurin da ke riƙe da babban ɗakin ajiyar kaya na bakin ruwa. Akwai alƙali, akwai 'yan sanda, akwai ofishin kwastan da tutarsa tana kaɗawa, amma buhu ba ya sauka daga jirgi sai shugabansu Mai Sito ya ce ya sauka. Gishiri, albarushi, taba, giya, wani lokacin har mutane. Sana'a irin wannan kuwa ba ta rabuwa da masu gani: ɗan dako ya leƙa inda bai kamata ba, mai wanki ta tsinci jini a riga. Kafin Babana, irin waɗannan ruwa ake kai su. Da Baba ya zo, sai aka koma kawo su ɗakin baya.

Ga abin da ya koya min. Duk abin da mutum ya gani, ko ya ji, ko ya so, ta gashin kansa yake fitowa. Na jiya yana gindi, manne da fata. Na watan jiya ya ɗan yi gaba. Na bara yana can bakin tsini. In mai aski na yau da kullum ya aske ka, abin sai ya koma ciki ya zauna, ba ka rasa komai ba. In askar gidanmu ce ta bi kanka, duk abin da ke cikin gashin ya tafi ke nan har abada. Kuma ba yadda za a cire na jiya a bar na bara, tunda na jiyan ne a gindi.

Mutanen gari ba wawaye ba ne, sun gane. Namiji ba ya barin sumarsa ta wuce mako, don in tsautsayi ya faɗa masa, makon kawai zai rasa. Yaya har ƙiba ya yi da wannan tsoron. Masu sanƙo kuwa, Allah sarki, su ne suka fi kowa iya kallon ƙasa in suna tafiya, don ba abin da za a aske musu, su nasu ruwa ne kai tsaye.

Baba yakan ce, "Mu ne rahamar garin nan." Na yarda da shi, don ubana ne, don kuma yarda ta fi sauƙi.

Ina da shekara sha tara ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Mai Sito ya ce Yaya ya karɓi askar. Tsohuwar aska ce mai ƙotar ƙaho, wurin riƙonta ya lotse da yatsun Baba. Yaya ya aske wani ɗan dako tas, mutumin ya tashi ya lissafa duk abin da ya gani har da launin wandon mai kisan. Suka tafi da shi ruwa. Kashegari aka ce a gwada ni, 'yar bahaguwar da ko dafa abinci ake yi wa dariyar yadda take riƙe ludayi. Na aske wani, ya yi barci, ya farka ya ce a ba shi ruwa, ya tambayi wace rana ce. Baba ya ce da bakinsa da ya karkace, "Askar ta zaɓe ki." Ya kafa min doka ɗaya: kada in kuskura in kai wani ƙarfe kan kowa, ko almakashi ne, ko da wasa. Na ɗauka kunya yake ji a ce 'yarsa tana aski a gaban jama'a.

Mai kawo min mutane ana ce masa Guduma. Ba sai na faɗi dalilin sunan ba. Ƙato ne, kansa kullum ƙwal, shi ke ɗaure su, shi ke danne musu kai in sun yi ta fizge-fizge. Shekara guda yana zuwa bai taɓa gaishe ni ba. "Ke, yi sauri," ita ce gaisuwarsa. Ni kuma a raina ina tsine masa safe da yamma.

Wata safiya Yaya ya aske shi a ɗakin gaba kamar kullum, da hantsi ya dawo da wani ɗan dako siriri mai sumar kwana goma. Mutumin bai yi kokawa ba, roƙo kawai yake, wai matarsa ta haihu kwana huɗu da suka wuce, ɗansu na fari bayan shekara tara. Na aske shi. Da ya farka jiri na ɗibarsa, aka ce Guduma ya raka shi gida. Ban san abin da ya gani a gidan ba sai daga baya: matar ta miƙo jaririn, mutumin ya tambaye ta ɗan wane ne, ya kuma duba cikinta ya fasa ihu.

Bayan mako Guduma ya shigo shago ba tare da kowa ba. Yaya ya kakkaɓe masa kujera, ya wuce shi ya tsaya a ƙofar ɗakin baya.

"Ke za ki aske ni," ya ce.

"An aiko ka ne?"

"Ni na aiko kaina. Akwai abin da nake so ya fita."

Na ce, "Ashe kana da inda abu ke zama. To ka riƙe shi. Mutum nawa ka danne a kujerar nan? Kai kaɗai ne za ka ci ka goge baki?"

Na ɗauka zai mare ni. Sai kawai ya ce, "To in ba ke ba, ba mai taɓa kan nan." Ya fita.

Ya bar Sito a satin. Mai Sito dariya ya yi, ya ce a ƙyale shi, yunwa za ta dawo da shi. Ba ta dawo da shi ba. Ya tafi wurin wani tsoho mai fito da ke ƙetarar da mutane a kwalekwale, wanda 'ya'yansa duk suka mutu suka bar shi da baki mai zafi da farar suma kamar auduga a ƙarƙashin hula, don shi a cewarsa masu aski duk ɓarayi ne, sai ya shekara biyu bai zauna gabansu ba. Tsohon ya kore shi sau uku. A na huɗu ya jefa masa sandar tuƙi ya ce, "In ka kifar min da jirgi, da kai zan yi sabo."

Ni dai ban san ranar da na fara neman dalilin ƙetare kogi ba. Yau in ce zaren can ƙetare ya fi ƙwari, gobe in ce maganin Baba. Tsohon ya zauna a gaban jirgi ya juya mana baya, wai shi kurma ne, sai in mun yi shiru ya ce, "Ku ci gaba mana, ai ba na ji." Hannun Guduma da ya saba dukan mutane ya yi kanta, ya fashe, ya warke. Ya koyi tallafa wa tsofaffi su sauka. Wata rana na gan shi yana ba wata mai tallan kifi haƙuri don ya taka mata kwando, wallahi sai da na juya don kada ya ga hawayena. Kowane wata yana kai wa ɗan dakon nan mai jariri kifi, ya ajiye a ƙofa ya gudu. Tsohon ya daina ce masa "kai ƙato", ya koma "ɗana".

Sumar kuwa ta yi ta tohowa. A garin da kowa ke yawo da kai kamar ƙwarya, shi kaɗai ke tafe da daji a ka, yara na binsa suna waƙa. Na ce, "Don Allah je wurin Yaya ya rage maka, ka zama abin dariya." Ya ce ai ya riga ya yi magana, in ba ni ba, ba kowa. Nakan taje masa da matajin katako a bakin yashi, ina zaginsa yana dariya. Ni da na fi kowa sanin abin da suma take a garin nan, na zauna ina taje ta ina jin daɗi. Da na ja kunnensa na kai shi gaban Yaya sau ɗaya tak, da ba a yi wannan labarin ba. Amma ina son in sa yatsuna a ciki in ce wannan duk nawa ne, daga gindi har tsini. So ya mai da ni sakarya, ba wani abu ba.

Wata goma sha ɗaya muka samu.

Ranar da abin ya faru tsohon yana kwance da zazzaɓi, Guduma shi kaɗai ya fita. Da rana tsaka, a bayan tsibirin yashi, ya tarar da mutum biyu na Sito suna danna kan mai awon kwastan cikin ruwa, wani bawan Allah da ya ƙi rufe ido a kan sikeli. Wani mai hankali da ya juya jirginsa. Shi kuwa ya tuƙa kansu yana ihu, suka gudu, ya tsamo gawar, ya saɓa ta a kafaɗa ya ratsa tsakiyar kasuwa da ita yana kiran sunayen masu kisan. Bai kai ƙofar alƙali ba suka tare shi, mutum takwas.

Da yamma Mai Sito ya zo shago da kansa. Ɗan ƙaramin mutum ne mai laima, muryarsa ƙasa-ƙasa, bai taɓa shiga gida bai tambayi jikin Baba ba. Ya zauna a benci yana ɓare lemo.

"'Yata, gobe da hantsi," ya ce. "Ko kujerarki ko ruwa. Da wani ne, da tuni an gama. Don ke na tsaya."

Na ce a bar ni in ga kansa tukuna, don suma mai yawa tana da nata shiri. Ƙarya ce, amma wa ya san aikin ban da ni? Aka kai ni Sito, can bayan buhunan gishiri inda suka ɗaure shi. Ido ɗaya ya kumbura ya rufe. Na sa masu gadi suka ja baya, na tsaya a kansa ina ɗaga gashin kamar mai aunawa.

"Kada ki yi," ya ce a hankali. "Ki bar su su kai ni ruwa."

"Rufe min baki."

"Ki saurare ni. Yaushe rabona da aski? Kin san wanda zai tashi daga kujerar nan in kin gama. Ba ke kaɗai zan manta ba. Wancan ne zai dawo, mai danne kan mutane. Na fi son in mutu a haka."

Na ce masa ba wanda zai mutu, ba kuma wanda zai dawo. Na riga na yi dabara tun a hanya. Mutanen Sito da ƙotar ƙaho suka san askar. Zan cire ƙusar, in zare tsohon ƙarfen, in sa na Yaya a madadinsa. Aski ne kawai za a yi, irin na kowa. Shi nasa ya yi abin da ya sha gani: ya yi barci, ya farka ya nemi ruwa, ya koma Guduma a idonsu. Ya daure kwana arba'in har su saki jiki. Ranar ta arba'in jirgin hayaƙi zai tashi da safe zuwa garuruwan ƙasan kogi, zan jira shi a kan gadar lodi da ƙunshina.

Ya yi 'yar dariya da fasasshen leɓe. "Kwana arba'in ina yi miki tsawa? Anya zan iya?"

"Ka shekara kana yi, ba ka mutu ba."

"Tsohon fa?"

"In mun sauka lafiya sai mu aiko masa."

"Kin tabbata ƙarfen ne?"

"Ni za ka koya wa aikin gidanmu?" Haka na ce masa, da bakin nan nawa.

Ban gaya wa Baba ba, ban gaya wa Yaya ba. Da sassafe na sauya ƙarfen a bayan gida, na naɗe tsohon a tsumma na jefa shi masai. Da hantsi suka kawo shi. Mai Sito ya jingina laimarsa a bango ya tsaya kallo. Lokacin da nake shafa wa Guduma sabulu ya ɗan taka min ɗan yatsan ƙafa, na taka nasa. Na fara daga ƙeya. Sumar ta riƙa zubowa dunƙule-dunƙule a kan ƙafafuna, zuciyata fes, har ina ce wa kaina ai gashi ne, zai sake fitowa. Da na zo gaban goshi kansa ya langaɓe, ya fara minshari kaɗan-kaɗan. Na ce a raina, kai, har da minshari!

Ya farka ya ce, "Ruwa." Ya shanye kofi biyu. Ya dubi igiyar hannunsa, ya dubi ɗakin. "Uban wa ya ɗaure ni? Ba a kujerar gaba nake ba?" Aka kwance shi, ya tsaya yana juya tafin hannunsa yana kallon kantar. Mai Sito ya ce masa ciwo ya yi mai tsawo, ya fita hayyacinsa kusan shekara, yanzu Allah ya ba shi lafiya. Sannan, ba tare da ya sauya murya ba, ya juyo ya kwaɗa min mari da bayan hannu, zobensa ya fasa min leɓe. Idonsa na kan Guduma.

Guduma ko gezau. Ya ma yi hamma, ya ce, "Me ta yi kuma?"

"Ba komai," in ji Mai Sito, ya ɗauki laimarsa.

Na tsaya jini na zuba a haɓata, alfahari ya cika ni fal. Na ce duk garin nan ba namijin da ya kai nawa dauriya.

Kwana arba'in ina ƙirgawa. Na gan shi a titi yana dukan wani ɗan dako da igiyar jirgi, na ce dole ce ta sa. Ya kawo min mutum uku ɗakin baya, ya danne su, ya ce, "Ke, yi sauri." Na riƙa neman idonsa, ko ƙyaftawa ɗaya, bai ba ni ba, na ce ya fi ni hankali, bango ma yana da kunne. Har na sa ƙafata kusa da tasa, ya ture ta da takalmi. Ranar na ɗan yi shakka, amma na kore ta. Mutanen nan uku kuwa duk sun farka sun nemi ruwa sun tambayi wace rana ce, da ƙarfen Yaya a hannuna. Kada ku tambaye ni yadda ban gane ba. Na ce tsoro ne ya sa su ma suke yin abin da suka ji ana yi, har ina murna wai na tsirar da su. Wanda yake son ya yarda da abu, ko ƙaho ka busa masa a kunne ba zai ji ba.

Ranar ta arba'in na fita da ƙunshina a ƙarƙashin mayafi. Yana kan gadar lodi, yana tsaye kan masu sauke buhuna. Jirgi ya yi kuka na farko. Na matsa kusa da shi na ce, "Lokaci ya yi." Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ƙunshin.

"Tafiya za ki yi? Mai Sito ya sani?"

"Ba kowa kusa," na ce. "Ka daina. Ni ce."

"Na san ke ce mana, 'yar mai aski. Wuce gida kafin in karya miki ƙafa, mu rasa mai yi mana aiki."

A nan na kalli idonsa da kyau, a fili, da hasken safiya. Ba kowa a ciki sai shi. Jirgin ya yi kuka na biyu ya tafi, ina tsaye ina kallon hayaƙinsa.

Na tarar da Baba a kan tabarmarsa, Yaya ya jingina shi da bango. Na durƙusa na faɗa masa komai. Ya rufe ido, hawaye ya gangaro ta ɓarin da ke da rai. Maganarsa da ƙyar take fita, amma na ji kowace kalma.

"Askar nan a kasuwa na saye ta. Ƙarfe ne kawai. Hannun ne, na hagu. Haka uwata take, haka nake, haka kike."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba?"

"Na so ki riƙa yin barci. In kin ce ƙarfe ne ya yi, ba ke ba, za ki iya cin abinci. Ni shekara talatin ban ji ɗanɗanon komai ba."

Na tambaye shi ko akwai magani. Ya ce in na taɓa ganin gashin da aka aske ya koma kai, to akwai. Ban zage shi ba, ubana ne. Amma har ya mutu, bayan wata biyar, ban sake ce masa Baba ba. Nakan ba shi abinci, in goge masa baki, in tashi. Ya tausaya min, ya ɓoye min gaskiya don in ji daɗin tuwo a bakina, ni kuma na ɗauki ƙaryarsa na yanka wanda nake so da ita. Rahamar garin nan ke nan.

Na so in tare Guduma in ba shi labari. To in ce me? In bai yarda ba, na zama mahaukaciya. In ya yarda, ya buɗe baki, ruwa na jiransa. Na yi shiru. Wanda bai iya shiru ba shi ne tsohon mai fito. Da ya tashi daga zazzaɓin ya riƙa bin sa a kasuwa yana kama hannun rigarsa. "Ɗana, jirgi na jiranka. Ɗana, ni ne fa." Guduma ya hankaɗe shi sau biyu, tsohon bai daddara ba. Ya tsaya a bakin ruwa yana gaya wa duk mai ƙetarewa cewa an sace masa ɗa an bar masa gangar jiki. Daga nan ya fara zama a ƙofar alƙali.

Wata Talata da hantsi Guduma ya shigo da shi ɗakin baya, riƙe da ƙeyar rigarsa, ƙafafun tsohon na jan ƙasa. Hularsa ta faɗi a hanya. Ya jefa shi kujera, ya ja igiyar har ta shige fatar hannunsa.

"A hankali mana," na ce. "Tsoho ne."

"Ya dame ni. Wai ni ɗansa. Ni na yi kama da mai tuƙa kwalekwale?" Ya tofar da yawu, ya koma bakin ƙofa yana kunna taba.

Na kaɗa sabulu. Farar sumar nan ta fi shekara da rabi. Tsohon ya ɗago ido ya dube ni, ya yi magana yadda ni kaɗai zan ji.

"'Yata, in kika aske ni, wa zai tuna shi?"

"Ni."

"Ke kaɗai? Kayan ya yi miki nauyi."

"In ban yi ba, ruwa za su kai ka, Baba. Kuma shi za a ba aikin."

Ya daɗe yana kallon bayan ƙaton da ke tsaye a ƙofa. Sannan ya ce, "To yi. Kada a sa shi wannan." Ya sunkuyar da kai da kansa, ba wanda ya danne shi.

Na yi aikina. Na iya aikina, ba a taɓa cewa na yanki kowa ba. Ya yi barci, ya farka, ya nemi ruwa, na ba shi. Ya shafa kansa ya ce wane ɓarawon ne ya yi masa wannan aika-aika. Sai ya hango Guduma, nan take ya sauke murya ya ce, "Ranka ya daɗe, sannu da aiki." Guduma ya kwance shi, ya ce ya ɓace masa da gani, ya kuma gaya min in wasa aska, gobe akwai mutum biyu.

Na riƙe tsohon na raka shi har titi saboda jiri. A bakin ƙofa ya tsaya, ya ga fuskata jiƙe, ya waiga ya tabbata ƙaton ya yi nisa.

"'Yar nan, ban san ki ba, amma kin yi kama da 'yar mutunci," ya ce. "Ki yi nesa da wancan. Na daɗe a duniya, irinsu ba sa shiryuwa."

Na ce masa to.